Ranar da Na Wanke Duwatsun Baba

Mahaifina ya yi shekara ashirin da shida yana shara da goge-goge a wani ƙaramin asibitin yara. Duk abin da ke cikin ginin nan ya sha tsummansa, tun daga kujerun jira da hannun ƙofa har ma'aunin da ake ɗora jarirai. Abu ɗaya ne bai taɓa yarda a goge ba, wato duwatsun da ke cikin tankin kifi na ɗakin jira.

Likitan da ya kafa asibitin ne ya ajiye tankin, don yara su shagala da kallo kafin a tsira musu allura. Kifin teku ne a ciki, masu launi kamar an zana su, ruwansu ma sai an haɗa shi da gishiri na musamman an auna. Akwai kuma murjani mai rai, wanda ke tsirowa a jikin dutse reshe-reshe. Da likitan ya lura Baba na yawan tsayawa da tsintsiya a hannu yana leƙen gilashin, sai ya fara koya masa. Ranar da ya rufe asibitin saboda tsufa, bai ba kowa tankin ba sai mai shararsa.

Ina aji biyu a sakandare aka shigo da shi falonmu. Tun daga nan unguwa ta raɗa wa Baba suna Mai Kifi, ni kuwa na tsani sunan kamar me. Mama kullum cikin tsiya take: “Malam, duk garin nan kai kaɗai ne ke ciyar da kifi, kifi bai ciyar da kai ba.” Sai ya yi murmushi ya ci gaba da ɗiga ruwa a 'yar kwalbar awonsa. Kifayen shida ne, amma abin da ya fi ji da shi wata murjani ce koriya mai rassa, wadda yake kira Tsohuwa. Kamar kan ɗan yatsa take sa'ad da ya karɓe ta. A shekara goma sha tara ta kai girman tafin hannu biyu a buɗe, har rassanta na dungurar gilashi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, a ɗakin tiyata nake aiki. Na faɗi wannan ne ba don in wanke kaina ba, sai don a san irin idon da nake kallon duniya da shi. In na ga gansakuka jikina ƙaiƙayi yake yi. Duwatsun Baba kuwa sun yi dabbare-dabbare, ga santsi, ga wasu ƙananan tsutsotsi na leƙowa daga ramukansu. Ya sha faɗa mini cewa wannan dauɗar ita ce ran tankin, akwai halittu a ciki da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar kifin. Nakan ce to, a raina kuma in ce tsoho ne zai koya mini ƙwayoyin cuta?

Ni na saya masa sabon tankin, wanda ya ninka tsohon sau uku. Zan so in ce tausayin Tsohuwa ne ya sa, amma gaskiya Yayana ne ya gyara wa su Baba rufin gida, ana ta sa masa albarka, ni ma na so a ji nawa sunan. Baba ya shafa gilashin, idonsa ya ciko, ya ce, “Allah ya yi miki albarka, Uwata.” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Sannan ya zayyana mini yadda ƙaurar za ta kasance. A cika sabon tanki da ruwan gishiri, a bar ɗan injin famfo ya yi ta juya shi. A riƙa ɗaukar duwatsu ɗaya-ɗaya a cikin bokitin tsohon ruwa, kada iska ta busar da su. Kifi kuma sai an ɗiga musu sabon ruwa ta siririn tiyo har jikinsu ya saba. Tsohuwa ce ta ƙarshe. Mako shida ke nan.

Na ce, “Baba, Yaya fa saura kwana goma ya zo da yara.”

Ya ce, “To, sai su ga ruwa. Ruwa ma abin kallo ne.”

Ranar Alhamis, ana jibi Yaya zai iso, Baba ya tafi ganin likitan ido tun da hantsi. Ni kuma ina hutu, sai na je gidanmu. Na tsaya a falo na dubi sabon tanki fayau da duwatsu biyu kacal a ciki, na dubi tsohon, sai rawar kai ta kama ni. Na kwashe duwatsun duka zuwa tsakar gida, na samo garin sabulu da buroshi, na dirje su kamar kayan tiyata, na ɗauraye a famfo, na shanya a rana. Mama ta leƙo ta ce, “A'a, yau dai duwatsun Malam sun ga wanka.” Na ji daɗin maganar har raina. Na jera su a sabon tanki, na kamo kifayen da raga na zuba. Tsohuwa na ɗauko a hankali, na goge gindinta kaɗan, na tara ta a bakin famfo, na ɗora ta a tsakiya. Tsohon ruwan kuwa na tuntsurar da shi a magudana. Har hoto na ɗauka.

Bayan la'asar Baba ya dawo. Lokacin kifayen sun taso saman ruwa suna buɗe baki. Ya tsoma yatsa, ya kai hanci ya shinshina. Ya juyo ya dube ni. Abin da ya ce kawai, “Sannu da aiki, Uwata. Miƙo mini bokitin can.”

Akwai ruwan da ya haɗa ya ajiye a jarkoki, shi ya zuba a bokitin, ya tsamo kifayen ya saka a ciki. Biyu suka rayu. Tsohuwa kuwa da safe naman jikinta ya fara saɓulewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda, kafin Asabar ta zama farin ƙashi.

Da Yaya ya iso ya ga abin da ya gani, ya riƙe baki ya ce, “Baba, me ya sami Tsohuwa?”

Ina tsaye da tiren kofuna a hannu. Baba ya ce, “Tsufa ne. Idon nan ya fara cin amanata, na kuskure awon gishiri.”

Yaya ya ce ai dama ya kamata Baba ya huta da wahalar nan, shekaru sun ja. Mama ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na ajiye tiren na ce bari in duba tukunya. Mutumin da bai taɓa kuskure awo ba a shekara goma sha tara ya zauna ana yi masa kallon wanda ya fara rikicewa, ni da bakina ban ce uffan ba. Wannan shirun ya fi wankin duwatsun ci mini rai, har gobe in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai da Yaya ya koma na iya shiga ɗakin Baba. Na durƙusa, kuka ya hana ni haɗa magana. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya jawo wata 'yar kula daga bayan ƙofa, da ƙaramin famfo na huci a ciki da fitila a kanta. Dutse ɗaya ne a ciki, mai dauɗarsa cif, a jikinsa kuma ɗan reshe kore bai fi farcen babban yatsa ba.

Ya ce, “'Yar Tsohuwa ce.”

Na ce, “Baba, yaushe ka yanke ta?”

“Ranar da na ga kina yi wa duwatsun nan irin kallon da kike yi wa farcen yaranki.”

Na rasa inda zan sa fuskata. Na tambaye shi shekara nawa za ta yi kafin ta kai uwarta. Ya ce in an yi haƙuri, kamar ashirin. Dukanmu kuwa mun san shekararsa saba'in da ɗaya.

A ranar na kira Yaya a waya na faɗa masa gaskiya. Yanzu duk Asabar ina gidanmu da bokiti. Baba na zaune a kujera yana ba da umarni, ni ke awo, ni ke canjin ruwa, don ya ce gara hannuna ya saba tun yana gani. Gansakuka ta sake rufe duwatsun, kuma ban taɓa su ba. Makon jiya ya kira ni kusa da gilashi ya nuna mini wani ɗan tsiro a gefen reshen, ya ce, “Kin gani? Wannan kam na gani da idona. Sauran ke za ki gani.”