Tsumman Malam Romanus

Shekara uku muka yi muna koyarwa a makaranta ɗaya da Malam Romanus a Iku, ni Hausa, shi lissafi. Mutumin kudu ne mai haƙuri, amma taurin kai kam Allah ya ba shi. Allon ajinsa ɗan mitsitsi ne, don haka ya saba riƙe alli a dama, tsumma a hagu, yana rubuta mataki na gaba yana goge na baya. Ya kuma hana yara kwafa, sai ya gama ya yi musu shifta. "Ku ajiye biro, ku ba ni idanunku," in ji shi. Na yi masa magana a kan tsumman nan har bakina ya gaji.

A hutun 1978 Adebayo, ɗan maƙwabcinsa, ya dawo daga karatu a Turai. Ya ba mu labarin wata kwamfuta da ake kafa hujjar lissafi da ita mataki-mataki. In ka bi hanyar da ba ta ɓullewa, sai ka ce ta koma baya, ta mayar da kai daidai inda kake kafin kuskuren. Romanus ya yi dariya ya dafa kansa, wai tasa kwamfutar tana nan.

Shi dai ba shi da takardar malanta, saboda haka rahoton sufeton makarantu ne zai bar shi a aiki ko ya kore shi. Ranar da sufeton ya zo ina zaune a bayan ajin. Romanus ya kama tabbatar da yadda kusurwoyi uku na alwatika suke haɗuwa. Ya yi nisa, sai lissafi ya cije, ɓangare biyu suka ƙi daidaituwa. Ya ɗaga kai ya nemi inda ya kauce. Allo fes.

"Wa ya rubuta matakan farko?" ya tambayi ajin.

Biro arba'in suna kwance a kan benci, yadda ya koyar. Ni kuwa lissafi ya fi ƙarfina, ina zaune kamar dutse, tausayinsa ya cika ni. Ya sake daga farko, hannunsa kuma ya bi tsohuwar hanyarsa ya kai shi wuri ɗaya. Aka kaɗa ƙararrawa.

Bayan sallamarsa daga aiki ya koma Gauraka yana sayar da kananzir. Da na je gaishe shi, na tarar da bangon shagon cike da hujjar nan, da gawayi, daga sama har ƙasa. Matarsa Philomena ta ce ya hana kowa gogewa. Ya ja ni, ya ɗora yatsa a layi na biyu.

"Malam Idris, nan ne. Nan kawai zan koma."

Na duba, ban gane komai ba. Na ce masa na gani.