Gonar Baba Nan Kusa Ce

Baba bai taɓa cewa wani wuri yana da nisa ba. Ka tambaye shi hanyar Kano, sai ya nuna da leɓe ya ce nan kusa ne. Gonarsa kuwa, daga gidanmu na Ɗan Iya sai ka shiga tasi, ka sauka ka hau acaɓa, ka tsallake rafi da ƙafa, amma a bakinsa ita ma nan kusa ce.

Farar dawa yake shukawa, irin da ya gada wajen kakanmu, yana adana shi cikin tulu da toka a bayan ƙofarsa. Dawa ce mai son doguwar damina, abin da muka daina gani. Shekara biyu a jere ruwan farko ya yaudare shi: ya shuka, ruwa ya ɗauke, tsiro ya ƙone. Abin da ya rage a gindin tulun na shuka ɗaya ne, in ya tafi shi ke nan.

A shekara ta ukun ne wani kamfani ya buɗe shago a Kasuwar Muda Lawal. Iri da taki suke sayarwa, kuma in ka yi rajista sai su riƙa turo maka labarin ruwa ta waya, daidai inda gonarka take. Ni na raka Baba, don idonsa ba ya ganin rubutun waya, ga shi ina aure a layin bayan gidanmu. Ma'aikaciyar shagon budurwa ce 'yar kudancin jihar, mai fara'a. Ta rusuna ta gaishe shi.

"Baba, ina gonarka yake?"

"Nan kusa ce, 'yata. Nan-nan."

Ta danna wani abu a allon hannunta, ta ce an gama.

Tun a hanya abin ya fara ɗaure wa Baba kai: wannan ba duba ba ne? Ya tambayi limamin unguwa, liman ya ce in dai ba su ce sun san gaibu ba, kamar mai kallon hadari ne. Duk da haka Baba ya kafa mini doka, duk saƙon da na karanta masa sai na ƙara "in Allah ya so", tun da su ba sa sawa. Inna kuwa cewa ta yi an ba kura ajiyar nama, mai sayar da iri ne zai gaya maka ranar shuka? Ni dai a tsakiya nake, duk wanda ya yi magana sai in ga yana da gaskiya.

Ana nan sai maƙwabcinsa na gona ya zo ya ce, "Malam, ruwa ya sauka can, ƙasa ta jiƙu, me kake jira?" Na duba waya, saƙo ya ce kada a yi shuka tukuna. Baba ya dubi sama. A cikin gari kam ko ɗigo babu, hadari ya haɗu ya watse. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ya ce zai jira. Maƙwabcin ya sake dawowa, saƙo bai canja ba, Baba ma bai canja ba.

Ranar da ya gaji ya tafi ya gani da idonsa, ya tarar dawar maƙwabta ta kai gwiwa, ana noman farko, tasa gonar sai ciyawa. Washegari muka nufi shagon, ni ce a gaba, raina a ɓace, na shirya maganganu tun daga gida. Yarinyar ta buɗe allonta ta nuna mana wani jan ɗigo. Wai gonar Baba ke nan, a tsakiyar kasuwa, tsakanin masu tumatir da masu atamfa.

"Baba, ai kai ka ce nan-nan," in ji ta.

"To ai kusa ce," in ji Baba.

Idonta ya ciko da hawaye, sai ga Baba yana ba ta haƙuri. Na rasa inda zan sauke fushina. Saƙon bai yi ƙarya ba, a kasuwa ba a yi ruwa ba. Baba ma bai yi ƙarya ba, haka ya saba faɗa duk rayuwarsa.

Ya juye tulun ya shuka a makare. Dawar tana fitar da kai ruwa ya ɗauke, zangarniya ta bushe ba ƙwaya.

Da wata daminar ta zagayo ya koma shagon nan dai, ya sayi irinsu mai saurin nuna. An gyara ɗigon, saƙo ya zo daidai, muka cika buhuna yadda ban taɓa gani ba. Har yau ban san ko godiya zan yi musu ba ko Allah ya isa. Ba don su ba da mun sha yunwa. Ba don su ba da dawar kakanmu tana nan.

Inna ta so ta wanke tulun ta riƙa zuba ruwan sha. Baba ya ce a bar shi da tokarsa.