Ranar da Gulbi Ya Tafi da Takalmina

Ba na jin zan taɓa mantawa da lokacin da na ɗaga kai na ga takalmina ƙafa ɗaya yana tafiya bisa ruwa. A kan busasshen yashi na ajiye shi. Na duba inda na ajiye shi ɗin, babu yashin.

Bari in yi wa sababbin abokan aikinmu bayanin abin da ya kai ni can. Bayan na gama sakandare a Wurno, Dakta Saratu ta ɗauke ni aikin taimakon bincike. Malama ce a wata babbar makaranta a Sakkwato, tana koyar da harkar yawon buɗe ido da karɓar baƙi. Shekara da shekaru tana zuwa Goronyo, tana nazarin yadda za a riƙa kawo baƙi su ga dam da gonakin rani ba tare da an takura wa masu wurin ba. Aikina shi ne riƙe rikoda da yin hira da mata, don sun fi sakin jiki da ni.

Ranar wata Laraba ce cikin rani. Muka gangara ƙasan dam, inda akwai wani tudu tsakiyar gulbi da mata ke dashen albasa. Da ƙafa muka ƙetara, ruwan iyakarsa idon sawu. Dakta ta damƙa ni ga Inna Kulu, babbar matan wurin, ita kuma ta shiga jirgin wani masunci suka nufi ƙetare ta ɗaya gefen, inda ruwan yake da zurfi.

Na gama hirata bayan azahar. Matan suka hau can saman tudu wurin dashe, ni kuwa na zauna bakin ruwa ina cin ɗanwaken da Inna Kulu ta tilasta mini. A nan ne takalmin ya tafi.

Hanyar da muka biyo ta ɓace. Ruwan ya yi ja, yana tafe da kara da kumfa, yana lasar tabarmar da nake kai. Ban iya iyo ba. Na kira wayar Dakta, babu sabis. Na rungume rikoda na hau tudu da gudu, ƙafa ɗaya ba takalmi, na zube gindin wata bagaruwa. Abin da ya ƙara firgita ni, ina hango matan suna ta dashe suna raha. Na ce a raina ba su gani ba, duk za mu tafi tare. Mahaifiyata kawai nake tunawa, da yadda ta ce mini da safe in yi nesa da ruwa.

Ban san iya zaman da na yi ba. La'asar ta kawo jiki sai ga Inna Kulu da buta a hannu.

"Ke ɗiyar Dakta, mi ya same ki? Kunama ta?"

Na nuna mata gulbi.

Ta duba, ta dube ni, sai ta ajiye butar. "Subhanallahi! Halan ba wanda ya hwaɗa miki? Ruwa anka sako daga dam, na masu noman rani. Ke ba 'yar Wurno ta ba? To ruwan gonar babanki na, ga shi nan ya wuce ki za shi gida."

Ta ja ni har wurin wani turke da aka kafa a gefen tudu, ta ɗora hannuna kan inda ya yi baƙi. "In sakin rani na, nan yaka tsayawa. Kin ga da saura kamu guda. Zamna ki sha ruwa, ɗiyata, ba abin da ka samun ki."

Sai a lokacin kukan ya zo. Ina cikinsa jirgin Dakta ya iso. Da ta ji abin da ya faru, sai ta ce, "Nafisa, na san yau za a sako ruwa, shi ya sa na ce mai jirgi ya dawo da ni nan. Na saba da shi har na manta ke ba ki sani ba. Kuma abin da nake koya wa ɗalibai ke nan: abin da mai gida ya saba da shi, shi ne ke tsorata baƙo."

Har yanzu ina wannan aiki, kuma ina son sa, ko da yake in na ji ƙarar ruwa gabana yakan faɗi. Duk baƙon da aka haɗa ni da shi, kafin ya cire takalmi nake kai shi wurin turken nan, in ɗora hannunsa inda Inna Kulu ta ɗora nawa.