Waƙar Gashin Cibi ta Kakarmu

Ina zaune a tsakar gida a Garo ina ɓarar wake, rediyo na gefena, sai na ji ana labarin wasu mutane, Kulina, can cikin dazukan Brazil da Peru, a bakin koguna. Aka ce ba su da yawa, amma suna riƙe da yarensu. Aka sako muryar wata tsohuwarsu tana waƙa. Ko kalma ɗaya ban gane ba, amma sai na ajiye kwaryar, don kakarmu ce ta faɗo mini a rai.

Ita kakarmu, wadda ta haifi babanmu, aure ne ya kawo ta Getso daga duwatsun wajen Ningi. Duk garin babu mai jin yarensu. Hausa take yi da kowa, sai fa in an yi haihuwa a gidan. Ita ke gasa wa jariri cibi, tana ɗumama tsumma tana dannawa, tana rera masa wasu baituka huɗu da yarensu. Mu kuwa mu yi ta dariya muna kwaikwayonta. Ni na fi kowa iyawa, don kunnena ba ya sakin abu.

Wata rana yayan babanmu ya ji, ya ce ta daina, tunda ba a san abin da take kira ba. Ba ta yi musu ba.

"Sannu da zuwa kawai nake masa," in ji ta.

Daga ranar shiru take gashinta, har Allah ya karɓi abarsa. Ni ma ban ƙara rerawa ba.

To, a makon da na ji rediyon nan, 'yata tana gida wankan jego, haihuwar fari. Washegari da safe na ɗauki jaririyar, na ɗumama tsumma, na buɗe baki. Baiti uku suka zo tiryan-tiryan. Na huɗun na neme shi na rasa. Na sake daga farko, nan dai na ƙara tsayawa. Kuma babu wanda zan tambaya, duk sun riga mu.

'Yata ta tambayi ma'anarsa, na gaya mata iyakar abin da kakarmu ta faɗa. Sai ta gyara zama.

"Inna, sake yi a hankali, in bi ki."

Ukun nan muka yi ta maimaitawa har ruwan ya huce.