Fayil ɗin Iya Rabi

Har yau ban manta da wata Talata ba, ranar da aka ba ni aikin jera sunayen ma'aikatan da za a sallama. Lokacin ina shekarata ta biyu a ofishin ma'aikata na wani asibiti mai zaman kansa a unguwar Mokola, ni ne ƙaramin jami'i mai kula da fayil-fayil. Za a rufe ɗakin kwantar da marasa lafiya ɗaya, don haka masu taimaka wa nas su huɗu za su tafi.

Ga wanda bai san tsarin ba, ba a rage ma'aikata da ka. Hukumar asibiti ta zauna da ƙungiyar ma'aikata, aka amince cewa wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya. Wanda yake ganin an zalunce shi yana da mako guda ya kai ƙorafi ta hannun wakilin ƙungiya.

Da na jera sunayen bisa ranar kama aiki, sai na ga Iya Rabi ta faɗo ta uku. Layi biyu ne tsakanin gidanta da namu a Sabo, unguwar Hausawa, kuma tun ina firamare nake ganin ta tana wucewa aiki. Amma fayil ɗinta ya ce shekara uku kacal ta yi.

Na san dalili. Da mijinta ya rasu ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Shugabar nas ta lokacin ce ta ce ta je, da baki kawai, ba takarda. Aka ga ba ta zuwa aka cire sunanta. Da ta dawo, sai aka cika mata sabon fom kamar sabuwar ma'aikaciya, don shi ne ya fi sauƙi.

Na sami shugabana, Oga Tunde, na yi masa bayanin takaba. Ya saurara sosai, sannan ya tambaya ko ina da takarda.

"Oga, ina jin dai tsohon fayil ɗin yana ɗakin ajiya," na ce, "amma ba zan iya rantsewa ba."

Ya ce in na samo in kawo. Ban nace ba. Gaskiya, tsoro nake ji kada a ce Bahaushen ofis yana kare 'yar unguwarsu.

Ranar Juma'a ni na miƙa wa Iya Rabi wasiƙar sallamar. Da Turanci aka rubuta, ta ce in gaya mata abin da ke ciki. Na gaya mata an rage ta, na gaya mata ranar barin aiki. Layin ƙarshe, mai maganar ƙorafi, na tsallake shi. A tunanina gara in samo fayil tukuna, kada in sa mata rai a banza.

Sai rana ta tara, bayan wa'adin ƙorafi ya wuce, na sami tsohon fayil ɗin, cikin kwali a ƙarƙashin tsofaffin katunan awo. Ya nuna shekara goma sha shida ta yi. Oga Tunde ya duba ya girgiza kai, ya ce ƙungiya ta riga ta sa hannu, an rufe. Iyakar abin da aka yi shi ne gyara mata haƙƙin sallama. Aikin kam ya tafi.

Na je gidanta, na tarar tana soya awara. Na faɗa mata komai, har layin da na tsallake. Ta juya awarar, ta ce:

"Ashe akwai wurin kai ƙara, ɗan nan? Ai da na je da ƙafata. Rabin matan layin nan ni na riƙe musu hannu a ɗakin haihuwa, har da uwarka. Wa zai ce ban yi shekarun ba?"

Ni takarda nake nema, ita kuwa shaidunta na nan cike da unguwa.

Ba zan ce lallai da ta yi nasara ba, wataƙila da an ƙi. Amma ƙorafin nata ne, ba ni da hurumin ajiye mata shi har sai na gamsu. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, in kun miƙa wa mutum wasiƙar sallama, ku karanta masa ita har ƙasa, ko da ba ku da tabbacin zai ci.