Babban Yatsan Baba

Jiya maƙwabciyata ta dafa paten acca da yakuwa, ƙamshin ya mai da ni Kafanchan, kafin a sami 'yancin kai. Baba malamin asibiti ne a mishan. Wani likita ya ba shi labarin masu bincike da suka gano ɗan wani wuri a ƙwaƙwalwar ɓera: in aka lalata shi, ɓera ya daina ci har ya mutu. Tun daga nan Baba yake cewa, "Yunwa ba a ciki take ba, a kai take."

Ƙanwata Ladi ta tashi daga zazzaɓi, ta ƙi abinci, duk ta rame. Kullum sai Baba ya ɗora ta a cinya, ya kai kwanon pate kusa da hancinta, ya danna goshinta da babban yatsa. "Tashi, yunwa, tashi."

Wata rana na ture kwanona. "Baba, ni ma ba na ci."

Ya yi dariya. "Ke? Taki yunwar ba ta taɓa barci ba."

Ladi ta warke, na gode wa Allah. Amma har yau in ta ba da labarin nan, raina yakan sosu. Ubangiji ya hutar da Baba. Ranar da za mu sake haɗuwa da shi, ina so ya fara danna goshina.