Hannun Bitrus a kan akwatin sauti

Shekara bakwai ke nan da muka kai Bitrus makwancinsa a gindin duwatsun Kagoro, amma har yau in aka ambaci sunansa a Kafanchan sai abu biyu su taso mini a rai. Baƙin cikin rashi yana ciki. Akwai kuma kishi, kuma in za a auna, kishin ya fi nauyi.

Tare muka tashi a layin 'yan reluwe. Ni nake kaɗa kibod a cocinmu, shi yake kula da sauti. Yana da wani akwati da ya harhaɗa da hannunsa, yau ya sayo wannan ɓangare a Sabon Tasha, gobe wani ya aiko masa da wancan. Fuskar akwatin duk ramuka ne da maɓallan murɗawa, wayoyi ja da kore sun sarƙe kamar taliya. Masana suna ce masa sintesaiza, mu dai akwatin Bitrus muka sani. Ta cikinsa komai yake bi kafin ya kai lasifika: kibod ɗina, makirufon mawaƙa, tukwanen kiɗa na zumuntar matan coci, da wani gunji mai laushi da akwatin yake yi da kansa.

A wurin jana'iza gwanintarsa take fitowa. A wajenmu, in babba ya rasu, dangi sukan zo daga ƙauye da ƙahonni da ganguna, coci kuma tana da nata waƙoƙin, ba kuwa mai yarda a ce masa ya yi shiru. Bitrus bai taɓa kashe wa kowa makirufo ba. Hannun hagu yana sauke masu ƙaho sannu a hankali, na dama yana ɗago muryar mata, gunjin akwati yana riƙe da tsakiya. Kafin tsofaffin ƙauye su ankara, sun sauke ƙahonnin da kansu suna gyaɗa kai ga waƙar coci, ba wanda ya ji an ture shi.

Ni fa? Nakan yi mako ina gyaran hannu a kan kibod, amma ana tashi sai mutane su wuce ni su je su riƙe hannun Bitrus. Har matata ta taɓa ce mini, "Yau Bitrus ya sa ni kuka." Na ce mata ai ni na kaɗa waƙar. Ta ce, "Na sani, amma shi ya shigo da ita." Ranar ko tuwo ban ci da daɗi ba.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga masu sautin yanzu, da kwamfuta a kan cinya, suna datse waƙa ɗaya su banko wata kamar mai buga ƙofa cikin fushi. Na san ba zai yi faɗa ba. Zai yi murmushin nan nasa da yake ba ni haushi, ya ce kunne ba ya son a firgita shi.

Bana, da za a yi sujadar tunawa da shi a coci, matarsa Maman Ladi ta aiko a kira ni. Ta yaye zanen da ta lulluɓe akwatin da shi, ta miƙo mini wani tsohon kaset mai muryarsa yana rera waƙa. Ta ce, "Baban Istifanus, kai ne ka zauna kusa da shi duk shekarun nan. In ba kai ba, wa zai taɓa wannan abu?" Na karɓa da sauri, kuma ba ƙauna kaɗai ta sa ba. Ina so ko sau ɗaya a fito daga cocin nan da sunana a baki.

Na yi ta fama da wayoyin nan har yatsuna suka san hanya. Ranar sujada dangi suka busa ƙaho, na sauke su a hankali, na ɗago muryar Bitrus daga kaset. Da ya kai tsakiyar baiti sai na fara janye shi ina shigo da mata, har ba wanda ya iya cewa ga inda mamaci ya tsaya, ga inda masu rai suka karɓa. Na ga Maman Ladi ta rufe fuska da gyale. Na ce a raina, yau dai ranata ce.

A bakin ƙofa wata tsohuwa 'yar zumuntar mata ta kama hannuna biyu, hawaye na zubo mata. Ta ce, "Ɗana, ka ji? Bitrus bai tafi ba. Hannun shi ne wannan, ko a barci zan gane shi."

Na buɗe baki in ce mata ni ne, sai na rufe. Wa ya koya mini sauke murya ba tare da mai ita ya ji ciwo ba? Da na yi kuskure, da kowa ya san ni ne a kan akwati. Da na yi daidai, sai aikin ya koma wurin mai shi. Abin da ya bari ke nan, ba wayoyi ba, kuma ya bar shi a yatsun mutumin da ya fi kowa jin haushinsa. Na ce wa tsohuwar, "Haka ne, Mama, shi ne."